Saƙon Manang Puring

A garinmu na Sibalom, can kudu da Manila, ranar da ka ce za ka Amurka ka zama motar haya. Ba mai tambayarka wane gari za ka. A wajen mutanenmu Amurka unguwa ɗaya ce, wanda ke Alaska zai leƙa ta katanga ya miƙa wa na Texas busasshen kifi. Sai ka wayi gari ka tarar da ƙunshi-ƙunshi a ƙofar gida, kowanne an naɗe shi da salatif kamar an ɗaure karaya, an rubuta suna a kowane gefe. Padala muke ce masa, wato saƙo, kuma dokarsa biyu ce: ba a ƙin karɓa, ba a buɗewa. Wanda ya ƙi ya fara girman kai tun bai taka jirgi ba. Wanda ya buɗe kuwa ya zagi mai saƙon.

Malama Felicidad Tingson, wadda kowa ke kira Dading, ta ƙi guda goma sha ɗaya. Shekara goma sha bakwai ta yi tana koyar da lissafi a sakandaren gwamnati, ta ajiye aikin a watan Yuni don wata makaranta a wani ƙauye can ƙuryar Alaska ta ɗauke ta. Tun ba ta gama kwashe littattafanta daga tebur ba aka ba wata kujerar, saboda haka babu wurin komawa. Kamfanin da ya samo mata aikin ya zaunar da su kwana biyu a Manila yana ja musu kunne: bizar nan ƙwai ce a cokali. Jami'in da ke bakin shiga ƙasar yana iya juyo da mutum a jirgi na gaba in ya kama shi da ƙarya, ko da kayan da bai san cikinsu ba. Kada wanda ya karɓi saƙon kowa. Dading kuwa mace ce mai bin doka har ta ƙure ka, ita ce ke rage wa yaro maki don bai ja layi da rula ba. Ta bi gida-gida tana mayar da ƙunshi tana ba da haƙuri, ta sha harara, ta sha habaici a ƙofar coci.

Na goma sha biyu ne ya fi ƙarfinta. Da safen ranar tafiya, an riga an ɗora akwatuna biyu a mota, sai ga tsohuwar maƙwabciyarsu Manang Puring ta zagayo ta bayan gida. Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Manang muke ce wa macen da ta girme ka, Manong in namiji ne, Inday kuma wadda ka girma. Dading ba ta yi aure ba, ita da mahaifinta Tatay Ireneo, wato Baba Ireneo, su kaɗai ne a gidan tun rasuwar uwarta, kuma Manang Puring ce ta yarda za ta riƙa dafa wa tsohon abinci, ta tsaya a kansa ya sha maganin hawan jini. Ba ta nemi ko sisi ba.

"Inday Dading, ɗan abu ne, bai kai gwangwanin madara ba," in ji ta. "'Yata Jovelyn za ta zo filin jirgin Seattle ta karɓa, ba sai kin nemi kowa ba."

"Manang, kin san fa an hana mu."

"Na sani. Da na ji kin mayar wa matar kansila da nata, cewa na yi yarinyar nan ta yi daidai." Ta danƙa mata ƙunshin, ta rufe hannun da nata hannun. "Kada ki sa shi a akwati, ki riƙe shi a jikinki. Kuma kada ki ajiye shi a ƙasa."

"Mene ne a ciki?"

"Tsaraba ce tsakanin uwa da 'ya."

Tatay Ireneo yana zaune a matakala yana shafa wuyan zakaransa, ko ɗago kai bai yi ba. "Karɓi mana," ya ce. "Puring ce fa."

Ta karɓa ta jefa a jakar hannu. Wa zai ce a'a ga hannun da zai ciyar da ubansa?

Daga Sibalom zuwa Iloilo awa biyu da rabi a mota, daga nan jirgi zuwa Manila. A can ta haɗu da Girlie Abellar, wadda kamfanin ya haɗa su tafiya. Girlie ta riga ta yi shekara ɗaya tana koyarwa a ƙauyen da ke kusa da na Dading, hutu ta zo, kuma shekara ɗayar nan ta mayar da ita farfesa. Ta san wane layi ya fi sauri, ta san inda ake samun ruwan zafi kyauta, ta san Dading ta sayi rigar sanyin da ko kaza ba za ta ɗumama ba. Ta lissafa mata abin da ya rage a yatsa: Taipei, Seattle, Anchorage, Bethel, sannan ɗan jirgi mai kujera shida wanda sai an auna mutum a sikeli kafin ya hau. Na'urar binciken Manila ba ta ce komai ba a kan jakar hannun, ta Taipei ma haka. Dading ta fara ganin ta tsorata kanta ne a banza.

A Taipei suna zaune a bakin ƙofar jirgin Seattle, saura minti hamsin, Dading ta buɗe jaka za ta ciro biskit. Idon Girlie ya faɗa kan salatif.

"Mene ne wancan?"

"Ɗan saƙo ne."

"Saƙo." Girlie ta ajiye kofin shayinta a hankali. "Malama, ke da kika fi kowa rubuta abin da aka faɗa a taron nan? Me ke ciki?"

"Ban buɗe ba. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwa ce, kullum tana coci."

"Duk wanda aka kama, tsohuwa mai zuwa coci ce ta ba shi. Kawo in gani." Ta juya ƙunshin, ta karanta suna da lambar waya da aka rubuta da babban alƙalami har sau huɗu. "Wannan Jovelyn ɗin, me take yi a can?"

Duk Sibalom an san Jovelyn ta tafi da bizar ziyara shekara tara da suka wuce ba ta dawo ba, tana wanke tsofaffi a wani gida tana ɓuya. An sani, ba a faɗa.

Girlie ta gane daga fuskar Dading. Ta mayar mata da ƙunshin da yatsu biyu. "Wato kin ɗauko abin da ba ki san cikinsa ba, da sunan mai ɓuya da lambarta a jiki, za ki miƙa wa mutanen da aikinsu ke nan neman irinta. Ke kam kin iya haɗa lissafi. Ga kwandon shara can. Ki ce mata kwastan sun ƙwace, kowa haka yake cewa."

"Amana ce, Girlie."

"Amana za ta ba ki aiki in an juyo da ke? Ki buɗe ko ki yar, ɗaya cikin biyu. Ni dai ban gani ba."

Dading ta shiga banɗaki ta kulle ƙofa. Ta rasa bakin salatif ɗin, sai da ta sa haƙori. A ƙarƙashin salatif jarida ce, a ƙarƙashin jarida tsohuwar singiletin namiji, an wanke ta har ta yi laushi. A ciki ƙaramar kwalbar kofi ce, an toshe murfin da kakin kyandir, an zagaye ta da carbin coci. Kwalbar cike take da gari mai launin toka, da 'yan ɓarɓashi farare-farare a ciki. Wata 'yar takarda ta faɗo, ta cafe ta kafin ta kai ƙasa. Rubutun Manang Puring ne, manyan baƙaƙe masu karkata: Inday Jovelyn, ga Tatay ɗinki. Rabi ne, rabin yana wajena. Kullum yana tambayar yaushe za ki dawo, na ga gara shi ya zo.

Dading ta jingina da ƙofa. Tiyo Kardo, mijin Manang Puring, ya rasu a asibiti shekarar annoba, lokacin da ake ƙona gawa kafin a ba iyali. Tokar tana cikin tulu a kan teburin addu'a na gidansu, Dading ta sha kunna kyandir a gabansa. Mutumin da ya koya mata hawan keke ke nan a tafin hannunta. Haushi ne ya fara zuwa mata kafin tausayi, haushin tsohuwar da ta san sarai abin da take yi, ta jira sai da aka tayar da mota sannan ta fito. Sai kuma ta tuna Jovelyn ta kalli addu'ar mutuwar ubanta ne ta waya, a ɓoye a ɗakin wanki na gidan da take aiki.

Kwandon shara yana nan a gefen ƙafarta, mai buɗewa da kansa in an kai hannu. Ta kai hannun, ya buɗe baki. Ta jefa jaridar. Ta karanta lambar wayar sau uku, ta rufe ido ta maimaita, ta jefa salatif ɗin. Takardar ma ta haddace ta, ta yayyaga ƙanana ta tura a masai, tana neman gafarar Manang Puring a zuci. Kwalbar kuwa ta riƙe ta a saman kwandon har murfin ya gaji ya rufe kansa. Ta mayar da ita cikin singiletin, ta cusa a aljihun rigar sanyinta.

"Kin yar?" in ji Girlie da ta fito.

"Toka ce. Ubanta ne."

"Yesu, Maryamu, Yusufu." Girlie ta yi alamar gicciye. Ta yi ƙasa da murya. "Akwai takarda? Ta asibiti, ta wurin ƙonawa?"

"Babu."

"Gari a kwalba, babu takarda. Malama, ina tausayinki, amma ina da 'ya'ya uku. In mun sauka, kada ki tsaya kusa da ni a layi."

Awa goma sha ɗaya ne daga Taipei zuwa Seattle, kuma Dading ba ta runtsa ba ko na minti ɗaya. Kujerarta a tsakiya take, tsakanin wani ƙato mai minshari da wata yarinya da ta toshe kunne. Ma'aikaciyar jirgi ta ce ta cire rigar sanyin ta tura ƙarƙashin kujera in zafi take ji, don gumi na bin wuyanta. Ta ce a'a, sanyi take ji. Ina za ta sa Tiyo Kardo a ƙarƙashin ƙafa? Aka kawo shinkafa da kaza, ta ci cokali biyu ta rufe. A allon da ke gabanta ɗan hoton jirgin yana rarrafe a kan shuɗin teku kamar ba zai taɓa kaiwa ba, ita kuma tana fatan kada ya kai.

Sun yi rabin hanya jirgin ya shiga gargada. Ya faɗa ƙasa lokaci ɗaya har kofuna suka yi tsalle, wata mata a baya ta fara addu'a da ƙarfi. Dading ta danne aljihunta da hannu biyu. Abin da ya zo mata a rai ba mutuwa ba ne, kakin kyandir ne: in ya tsage, Tiyo Kardo zai watsu a kan wandon wannan ƙaton. Da abin ya lafa ta tashi ta shiga banɗakin jirgi ta duba, murfin yana nan daram. Ta tsaya tana kallon masan jirgin. Dannawa ɗaya ce, ba wanda zai sani har abada, ta shiga Amurka da hannu tsaf kamar yadda ta yi niyya. Ta daɗe a tsaye har aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta fito da kwalbar a aljihu, tana jin haushin kanta, don ba jarumta ce ta hana ta ba, kasawa kawai ta yi.

Sauran hanyar ta yi ta ne tana jera amsoshi kamar mai shirya jarrabawa. In ta ce ban san mene ne ba, jirgi na gaba. In ta ce na maƙwabciya ne, sai a ce wa za ki kai wa, ina take, mece ce lambarta. Gaba kura, baya sayaki. Ta yanke shawarar ba wanda zai tambaya, tunda na'ura biyu sun bar ta ta wuce.

Sun sauka Seattle da hantsi. Kafin su fita ta mayar da kwalbar jakar hannu, don aljihun ya yi tudu. Layin shige da fice ya naɗe kansa sau bakwai, kuma Girlie ta cika alkawari, tana can layi biyu a gaba tana kallon rufi. Jami'in da ke cikin akwatin gilashi ya duba fasfo, ya duba takardun makaranta, ya tambaye ta me za ta koyar.

"Lissafi."

"Allah ya ba ki sa'a da su. Kin taho da abinci?"

Nan halin Dading ya ci ta. Da Girlie ce, da ta san yadda za ta amsa. Ita kuwa da aka yi mata tambaya kai tsaye sai bakinta ya ba da cikakkiyar amsa: busasshen kifi ƙulli huɗu, busasshen mangwaro, da garin miya. Mutumin ya buga hatimi, ya ɗora wata takarda a kan fasfon, ya nuna mata wata ƙofa a gefe inda ake duba kayan masu abinci.

Ɗaki ne mai faɗi da dogayen tebura na ƙarfe. Wani jami'in kwastan mai furfura a gashin baki ya sa ta ɗora komai a na'ura, har jakar hannu. Kifin bai dame shi ba, ya shinshina ya yamutsa fuska ya mayar. Sai abokin aikinsa da ke kallon allon na'ura ya kira shi ya nuna masa wani abu. Ya dawo ya jawo jakar hannun, ya gyara safar hannunsa, ya fito da singiletin, ya warware.

"Wannan fa?"

Dading ta kalli kwalbar. Aikinta yana kan teburin nan, Jovelyn kuma tana tsaye a waje, taku ɗari biyu daga inda suke.

"Malama, tambaya nake. Mene ne wannan, kuma na wa ne?"

"Toka ce," ta ce. "Mahaifina ne."

Mutumin ya dube ta, ya dubi carbin. Ya shimfiɗa singiletin a kan tebur, ya ɗora kwalbar a kai da hannu biyu. "Akwai takardar mutuwa? Ko ta inda aka ƙona?"

"Suna gida. Shekarar annoba ce. Ban san ana buƙata ba."

"A kwalbar kofi?"

"Rabi ne. Rabin yana gida."

Ya ce ta jira. Suka goga wani ɗan ƙyalle a jikin kwalbar suka sa a wata na'ura, suka sake tura kwalbar ita kaɗai ta cikin babbar. Agogon bango ya ci minti ashirin. Wata mata a teburin gefe tana kuka an ƙwace mata tsiran alade, Dading ta ji ina ma ita ce. Da ya dawo sai ya tsaya gaban kwamfuta da fasfonta a buɗe.

"Zan rubuta a ajiye, tunda babu takarda. Sunansa?"

Ricardo ne ya zo bakinta, sunan Tiyo Kardo na gaskiya, ta haɗiye shi da ƙyar. Da hannunta ta cike takardar neman biza, kuma akwai layin sunan uba. Ba ta san abin da ke kan allon mutumin nan ba, amma ta san abin da ta rubuta.

"Ireneo Tingson."

"Yaushe ya rasu?"

"Watan Agusta, shekarar annoba ta biyu."

Ya buga a hankali da yatsu biyu, yana maimaita sunan harafi-harafi, ita kuma tana gyara masa. A wajenmu ba a ɗora wa mai rai mutuwa da baki, ko da wasa. In ta suɓuce wa mutum, nan take zai ce simbako ya ƙwanƙwasa katako, don kada bakin ya kama. Dading ta duba hagu ta duba dama. Teburin ƙarfe ne, kujerun roba ne, bangon gilashi ne, babu katako ko na ashana a duk faɗin ɗakin. Ta ce simbako a zuci, ta ji kalmar ba ta da nauyi.

Jami'in ya naɗe kwalbar da kansa ya miƙa mata. "Ki sa a aiko miki da takardun, za su yi miki amfani. Ki yi haƙuri da rashin. Nawa ma bara ya tafi, har yanzu ina ɗaukar waya in kira shi." Ya mayar mata da fasfo. "Barka da zuwa."

Da ya zage ta da ta fi jin daɗi. Ta tura akwatunan inda ake karɓar kayan masu ci gaba da tafiya, ta fita waje, ta ari wayar wani direba ta buga lambar da ke kanta.

Jovelyn tana can nesa da ƙofa, a jikin wani ginshiƙi kusa da inda motoci ke tsayawa, da rigar aikinta a ƙarƙashin jaket. Ta rame, ta tsufa fiye da shekarunta, kuma idonta ba ya zama wuri ɗaya.

"Manang Dading, sannu da hanya. Kin sha wahala a kan ɗan kifi. Na ce wa mamata ta bari, ana samunsa a nan."

"Ba kifi ba ne, Inday." Dading ta miƙa mata singiletin. "Da takarda a ciki, na yaga ta saboda sunanki. Ga abin da ta ce." Ta karanta mata layin uku kamar yadda aka rubuta su, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Jovelyn ta gane singiletin kafin ta ga kwalbar. Ta zauna a bakin titi ta sa ta a ƙirji, ba ta yi ƙara ba, shekara tara sun koya mata kuka shiru. Can ta ɗago. "Sun tambaye ki?"

"Sun tambaya. Ba wanda ya ji sunanki."

"Me kika ce musu?"

"Jirgina zai tashi, Inday."

Sai da ta sake bin layin bincike, ta hau ɗan jirgin ƙasan da ke cikin filin, ta yi gudu da takalmin coci. Ta iso ƙofar jirgin Anchorage ƙarfe uku da 'yan mintuna, an fara shiga. Girlie na tsaye tana cizon farce, da ta hango ta sai ta saki ajiyar zuciya ta rufe da faɗa.

"Ina kika shiga? Na ɗauka kina hanyar Manila. Taho, an kira layinmu."

"Bari in kira gida."

"Ki kira daga Anchorage."

"Yanzu zan kira."

A Sibalom ƙarfe shida na safe ne na washegari. Tatay Ireneo ba ya riƙe waya, ya ce ba shi da wanda yake bi da magana, don haka Dading ta kira wayar Manang Puring ta intanet ɗin filin jirgin. Bugu ɗaya aka ɗauka, da alama tsohuwar a kan wayar ta kwana.

"Kin ba ta?"

"Na ba ta. Ina Tatay?"

"Allah ya yi miki albarka, Inday, Allah ya..."

"Manang, ina Tatay?"

"Yana ciki mana. Ko da yake yau ban ji motsinsa ba, bai buɗe taga ba tukuna. Zakaran ma yana ta cara ba a fito da shi ba."

Tsohon da ƙarfe biyar ba ta taɓa samunsa a kwance ba. "Je ki duba shi. Kada ki kashe wayar."

"Me ya faru?"

"Don Allah ki je."

Ta ji ƙarar silifas a kan tsakuwa, a hankali, tafiyar mai ciwon gwiwa. Ta ji kare, ta ji zakaran. Lasifika ta kira sunan Felicidad Tingson da Girlie Abellar, kira na ƙarshe. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta ɗaga musu hannu. Girlie ta kama hannun rigarta tana ja, Dading ta fizge.

"Manong Ireneo," in ji muryar Manang Puring can nesa. Ta buga ƙofa. Shiru. Ta sake bugawa da ƙarfi. "Manong. Manong Ireneo."

"Malama, za su rufe," in ji Girlie. "Duk wahalar nan, a nan za ki zubar?"

Dading ba ta ji ta ba. Ta matse wayar a kunne har ya yi zafi, tana jin tsohuwar na dukan ƙofa da tafin hannu, ita kuma ba abin da take ji sai muryarta tana gyara wa jami'i harafin sunan ubanta. Sai aka ji sakata ta motsa, aka yi tari, tarin da ta sani tun tana goye.

"Wa ya mutu, da za ku ɓalle min ƙofa?"

Aka miƙa masa wayar. "Ba kowa, Tatay."

"To mene ne? Jiya ban samu barci ba sai da asuba, ina ta lissafin inda kika kai. Kin shiga? Ba su ba ki wahala ba?"

"Na shiga."

"Ai na faɗa wa Puring. Na ce su tambaye ta duk abin da suke so, 'yar nan tawa ba ta iya ƙarya ba."

Girlie ta zare tikitin daga hannunta ta miƙa wa ma'aikaciyar, ta tura ta gaba. Dading ta bi dogon lungun da ke kai mutum bakin jirgi, hawaye na zuba ba ta share ba, tsohon yana ta ba ta labarin abin da zakara ya yi jiya. Ta bar shi yana magana har layin ya yanke.